Harufa Biyun da Abba Ya Soke

Beanibazar, Sylhet
3 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga 'yata Dilruba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaida mijinki Fokhrul, da fatan aikin gidan abincin nan bai gama tsotse shi ba. Sai amaryata Tuli, wadda za ki ja wa kunne a madadina, ki ce mata tsohon mijinta yana fushi.

Mu nan lafiya lau. Ƙirjin ya yi sauƙi, har likita ya yarda in riƙa takawa zuwa masallaci. Goggonki Moymuna dai ta fi likitan tsanani. Ta hana ni gishiri, ta hana ni naman sa da shatkora, lemun tsamin nan namu, kuma duk baƙon da ya zo sai ta tare shi a bakin ƙofa sun gama ƙus-ƙus kafin ya ƙaraso wurina. Na zama ɗan kurkuku a gidan da na gina da hannuna.

Dilu, wata biyar ke nan ban ga rubutunki ba, kuma wannan ce wasiƙata ta uku. Na yi tunani har na gaji, ban ga abin da na yi miki ba in ba shafin Turancin da na mayar miki a Disamba ba. In shi ne, to kin ba ni kunya. Tun ranar da kika tafi Ingila muka yi alkawari cewa kowace wasiƙa za ki haɗo da shafi ɗaya na Turanci, ni kuma in duba in mayar miki. Shekara tara muna haka. Yaushe jan biro ya fara yi miki zafi?

Kuma ki yi mini adalci, shafin nan shi ya jawo wa kansa. Da a kan aikatau masu taurin kai kika yi tuntuɓe, irin su go da ke rikiɗa ya koma went, da na ce gajiya ce. Amma a kan masu ladabi! Shekara talatin da huɗu ina gaya wa yara babu abin da ya kai su sauƙi. Ga walk nan. In mutum ɗaya ake magana a kansa, a liƙa masa s. In yana cikin yi, a liƙa ing. In sai gobe ne, a sa will a gabansa. In kuwa abu ya wuce ya ƙare, a ɗaura masa wutsiyar ed a sallame shi. Ke kuwa kika bi shafi kaf kina ɗaura wa yarinya wutsiya. Tuli liked your stories. She talked about the pond. She wanted to visit you again. Jimla goma sha ɗaya, wutsiya goma sha ɗaya. Haba Dilu! Ta daina son labaraina ne? Ta daina zancen tafkin gidanmu? Ko ta fasa zuwa? Abin da mutum yake yi kullum ba a kai shi lokacin da ya shuɗe. Shi ya sa na soke su duka, na mayar da su likes, talks, wants. Na dai yaba da kika tuna y yana komawa i a carried, kika kuma ninka p a stopped. Darajarsu kika ci na ba ki huɗu bisa goma.

Zaman banza ya ishe ni, saboda haka na tara 'yan matan unguwa shida ina koya musu aikatau a baranda bayan la'asar. Babu mai kan Tuli a cikinsu. Zuwanta ɗaya nan tana shekara biyar, amma har ni ta gyara wa furuci, wai ba haka ake faɗin wanted a ajinsu ba.

Na tsufa, kuma ban iya lallashi ba, mahaifiyarki ce ta iya, Allah ya jiƙanta. In na tsananta, ki yi haƙuri. Ki rubuto ko layi biyu ne, don shirun nan yana damuna fiye da ciwon.

Ki huta lafiya. Ni ne mahaifinki,
Mosabbir Ali

*

Oldham, Ingila
22 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga Goggo Moymuna,

Assalamu alaikum, Goggo. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Malama Shirin, na san ke za ki karanta mata. Don Allah ki ja ta gidanku tukuna, kada Abba ya ji.

Goggo, wasiƙar Abba ta uku ta zo, saƙonki ma ya iso ta bakin kawun Fokhrul, wai me ya sa na yi wa tsoho shiru. Zan faɗa miki, don na gaji da haɗiyewa.

Da Tuli ta rasu a Oktoba, kwana uku kacal sanƙarau ya yi mata, kika aiko cewa Abba bai fi sati uku da fitowa daga asibiti ba, likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki mugun labari ba, kada in kuskura in faɗa masa. Na bi maganarki. A Nuwamba na zauna na rubuta masa wasiƙa da harshenmu, na cika ta da zancen sanyi da tsadar kifi. Da na zo shafin Turanci sai hannuna ya ƙi. Kullum a kan Tuli nake rubuta shafin nan, don shi yake so. Na ɗora biro zan rubuta likes, na kasa. Yaya zan rubuta tana so, alhali ni na wanke kofinta na ɗaga shi sama?

Sai na rubuta gaskiya. Ban karya alkawarinki ba, babu kalmar mutuwa ko ɗaya a shafin. Harufa biyu kawai na ƙara a ƙarshen kowane aikatau. Na ce a raina, a duk duniya in akwai mutum ɗaya da zai gane, Abba ne. Shi ne yake buga tebur muna aji huɗu yana cewa, "Duk abin da kuka ga ed a bayansa, ya ƙare, ba ya dawowa!" Na ɗauka zai karanta shi kaɗai, a hankali, ya gane kaɗan-kaɗan yadda zuciyarsa za ta iya ɗauka. Sati biyar ina leƙen ƙofa ina jiran takarda mai cewa, Dilu, na gane.

Ta zo wata safiya ina tsaye a kicin. Na buɗe na ga ja ko'ina. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya soke, ya mayar mini da 'yata tana so, tana magana, tana jira. A sama ya zana huɗu bisa goma ya kewaye. A ƙasa kuma ya rubuta: "Ki ba Tuli ta gyara miki, na tabbata ta fi ki." Goggo, a ƙasan kicin ɗin Fokhrul ya same ni da ya tashi.

Ina jin haushinsa, ba zan ɓoye miki ba. Abba bai taɓa karanta ni ba, duba ni yake yi. Shekarata ta farko a ƙasar nan na rubuta masa cewa kullum kuka nake yi, abin da ya dawo mini da shi shi ne cryed ba daidai ba ne, cried ake rubutawa. Na yi dariya a lokacin, na ce halin Abba ne. Wannan karon babu dariya a cikina.

Ba zan ƙara rubuta masa ƙarya ba, gaskiya kuma kun hana ni. To me ya rage mini in ba shiru ba? Ko ki faɗa masa, ko ya ci gaba da jira. Ni dai ba zan iya sake gaishe shi da sunan yarinyar da ke kwance a maƙabarta ba.

Ki sa ni a addu'a, Goggo, azumi ya gabato kuma ban san yadda zan yi shi babu ita ba. Ki gaida mutanen gida.

'Yarki,
Dilruba

*

Beanibazar
14 ga Mayu, 1987

Dilu 'yata,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa, ke da Fokhrul. Ni ce Goggonki ke faɗa, Shirin na rubutawa, kuma na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta yi mini kwalliya.

Na faɗa masa. Yana raye, wannan ki fara sani.

Da aka karanta mini takardarki kwana biyu ban iya haɗa ido da shi ba. Na ce cikin azumi ba zan ci gaba da wannan ƙarya ba. Ranar Litinin na sa likita ya zo ya zauna a gidan su Shirin da jakarsa, ko da wani abu. Na fito baranda na tarar da shi da 'yan matan nan suna ta rerawa, yana kaɗa musu sanda kamar mai korar kaji.

Na ce, "Mosabbir, sallami yaran nan."

Ya ce, "Yaya, saura minti goma."

Na ce, "Ni na goya ka. Sallame su."

Da suka watse na zauna na ce, "Takardar nan da ka mayar wa Dilu, me ke cikinta?"

Sai ya yi dariya. "Yaya, ke da ko alif ɗin Turanci ba ki sani ba? To tsaya ki ji, na haddace ta." Kin san shi da son a san ya sani. Ya fara zubo su ɗaya bayan ɗaya, yana fassara mini, yana nuna mini inda wutsiya take da yatsa a iska.

Na ce, "Ita wannan wutsiyar, yaushe ake ɗaura ta?"

"In abu ya wuce ya ƙare."

"Dilu ɗalibar wa ce?"

"Tawa mana."

"Ta taɓa yi maka irin wannan kuskuren?"

"Ina! Ko tana aji huɗu ba ta..."

Nan ya tsaya, bakinsa a buɗe, yatsan nan a sama. Ya gama gani a fuskata. Can ya ce, "Yaushe?" Na ce Oktoba. Ya ce, "Me ya same ta?" Na faɗa masa. Ya ce, "Wa ya sani?" Na ce kowa, har liman, har mai kawo wasiƙu. Ya ce, "Wata bakwai ina aika wa yarinya gaisuwa kuna kallona?" Na ce, "Ni na sa, ni za ka zaga." Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni ɗin.

Ya yi Inna lillahi sau uku. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tabarma, sannan ya ce, "Yaya, huɗu bisa goma na ba ta." Daga nan ya fashe da kuka irin wanda ban ji daga gare shi ba ko ranar da aka fita da mahaifiyarki. Likita ya shigo ya auna shi ya ce zuciya na bugawa daidai. Ni kuwa na ce a raina, ashe wata bakwai ina gadin abin da ya fi ni ƙarfi.

Yanzu ki saurare ni. Babban laifin nawa ne, na ɗauka, ki yafe mini. Tsoron in rasa ƙanena ya sa na bar ki ke kaɗai da gawa a ƙasar mutane. Amma maganar da kika yi cewa bai taɓa karanta ki ba, wannan ban yarda ba. Ni nake share ɗakinsa. Wasiƙunki na harshenmu suna ƙarƙashin matashinsa, wasu har sun yage wurin ninki saboda buɗewa. Da ya ga kina kuka a shekarar farko, kwana uku bai ci abincin kirki ba, sai dai ya rasa abin da zai ce miki, shi ne ya ɗauki biro. Ubanki ke nan, haka Allah ya yi shi. Ke ma kuma, 'yar nan, kin ɗora wa harufa biyu kayan da ya fi ƙarfinsu.

Ya sallami 'yan matan gaba ɗaya. In an sha ruwa dabino ɗaya yake ci ya ture kwanon. Takarda biyar ya fara rubuta miki yana yagawa, ni nake kwashe su. In tasa ta iso, ki buɗe. Ban ce ki yafe ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne, amma ki buɗe.

Allah ya jiƙan Tuli, ya sa mai ceto ce. Shirin ma tana yi miki ta'aziyya, ga ta nan tana jiƙa takardar da hawaye.

Goggonki,
Moymuna

*

Beanibazar
2 ga Yuni, 1987

'Yata Dilruba,

Assalamu alaikum. Ina yi miki ta'aziyyar Tuli, ke da Fokhrul, ta'aziyyar da ta makara wata takwas. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri. Ban san yadda ake yi wa mutum barka da salla a irin wannan shekara ba, don haka na bari.

Shafinki babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Ban taɓa samun ɗalibin da ya yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci daidai kamar yadda kika yi ba, kuma ni na soke shi.

Yaya tana ganin ban gane ba ne. Na bar ta a haka, amma ke ba zan bar ki ba, don kin gaji da ƙarya. A jimla ta bakwai hannuna ya tsaya. She waited for your letters. Wani abu ya ce mini, Mosabbir, Dilu ba ta irin wannan kuskuren, balle sau bakwai a jere. Na ajiye biro na fita bakin tafki, na tsaya ina kallon agwagi. Na tuna yadda liman ya kau da kai da na ce masa Tuli za ta zo baɗi. Sai na dawo ɗaki na ɗauki biron na ƙarasa sauran huɗun da sauri, na rubuta wasan nan a ƙasa, na liƙe ambulan tun kafin tawada ta bushe. Na gwammace ki zama daƙiƙiya da abin ya zama gaskiya. Daga nan na yi ta gaya wa kaina kuskure ne har na yarda, har na iya rubuta miki faɗa a Afrilu. Kin miƙo mini hannu daga wannan nisa, ni kuwa tsoro ya sa na buge shi. Wannan ya fi rashin ganewa muni, na sani.

Akwai darasin da nake ajiyewa sai ƙarshen aji goma, na abin da bai faru ba kuma ba zai ƙara samun damar faruwa ba. If I had listened, I would have answered. Da na saurara, da na amsa. Yara ba sa son sa. Kowace shekara sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Masta, tunda abin bai faru ba, mene ne amfanin koyon yadda ake faɗinsa?" Ni kuma in ce don jarrabawa ne, zauna. Yanzu tun daga asuba har in kwanta a cikin wannan darasin nake. Da na amsa miki a Disamba. Da na yi kuka tare da ke lokacin da kike bukata. Ina kewar yarinyar nan, Dilu, kewar da ban san jikina yana da wurin ajiye ta ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki aiko mini da shafin nan. Ina so in kankare jan da na zuba, in mayar da kowace ed wurinta da hannuna, duka sha ɗayan, in karanta su da ƙarfi yadda kika rubuta su. Ba zai gyara komai ba, amma bai kamata takardar nan ta zauna a gidanki tana ƙaryata ki ba. In kuma ba ki son sake ganin rubutuna, ki sa Fokhrul ya rubuto layi ɗaya, zan daina damun ki.

Ki yafe mini in za ki iya. Allah ya tsare ku.

Mahaifinki,
Mosabbir

*

Oldham
25 ga Yuni, 1987

Abba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Goggo. Na karɓi ta'aziyyarka. Kai ma ina yi maka ta amaryarka.

Na karanta wasiƙarka na yi fushi sabo, na kwana uku. Daga baya na tuna ni ma tsoro ne ya hana ni rubuta kalmar ƙarara. Ban gama hucewa ba, Abba, kada in yi maka ƙarya. Amma ga rubutuna.

Shafin kam ba zan aiko ba. Wata uku yana ƙasan akwati ban iya kallonsa ba. Wata rana na ɗauko don in ƙona, sai na karanta jan maimakon baƙin. Tuli likes your stories. She talks about the pond. She waits for your letters. Takardar asibiti, da ta makaranta, da bakin duk wanda ya zo gaisuwa, kowa ya riga ya ɗaura mata wutsiya. Shafin nan ne kaɗai wurin da ya rage a duniya inda 'yata take yin wani abu yanzu. Kullum da safe sai na karanta shi.

In kana son yi mini wani abu, ka rubuto mini shafi ɗaya na Turanci a kan kwana arba'in ɗin da ta yi a wurinka. Abin da take ci, abin da take ce maka a bakin tafki, duk abin da ban gani ba. Ka rubuta da s a ƙarshe, ka yi kuskuren da gangan tun daga sama har ƙasa. Ba zan gyara ba.

Ka ci abinci, Abba. Sai na ji daga gare ka.

'Yarka,
Dilu